Shekarar da Na Rina Idon Ruwa

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, jikokina ba su da zance sai na zafi. Jiya da la'asar na tarar da Ummi, autar ɗana, kwance a kan siminti ta rungume jarkar ruwan sanyi tana hararar agogo. Na ce mata, "Ke da ruwanki yake jiranki a ƙirji, me kika sani a kan ƙishi?" Ta ce, "Shi ke nan, Hajiya ta fara." Na fara ɗin kuwa. Karo na uku ke nan ina ganin azumi ya zagayo ya sauka a kan bazara, kuma duk sanda ya zo na farkon nake tunawa, shekarar da aka hana ni taɓa ruwan unguwarmu.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Aure ne ya kawo ni Yerwa, garin Barebari, daga Kano, ina da 'ya ɗaya, Uwani, ban daɗe da yaye ta ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, Malam nake ce masa, lambu yake yi. Gidanmu na zana ne a gefen Maisandari, wanda a wancan zamani bayan gari ne sosai. Waɗannan manyan darbejiyoyi da kuke shan inuwarsu yau, a lokacin ba su fi ni tsawo ba, kowace an kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Mu kaɗai ne Hausawa a tsakiyar Barebari, ba wanda ya wahalar da kansa da sunana. Afuno suke kirana, wato Bahaushiya, ni ma har na saba ina amsawa.

Ruwan unguwa duka daga wuri ɗaya yake fitowa. A gindin wani dogon tudu na rairayi akwai tsamiya, a cikin saiwoyinta akwai idon ruwa. In ka durƙusa za ka ga yashi yana motsi a hankali, ruwa na tasowa, garau, mai sanyi ko da tsakar rana. Ido yana da dokarsa. Ba a tsoma masa tukunya mai baƙin wuta, ba a tsoma masa wani baƙin abu, sai wankakkiyar ƙwarya. Kowace shekara in an yashe shi, tsohuwar da ta fi kowa shekaru ita ke fara ɗiba. A zamaninmu Ya Kaltum ce, wata doguwar tsohuwa mai tsage, wadda in ta ɗaga gira yara ke watsewa.

To ni kuwa 'yar marina ce. Ubana a bakin karofi, wajen ramukan rini, ya tsufa, ni kuma na taso ina rina zare a tukunya. Da ita aka kawo ni, wata ƙatuwar tukunya, kuma kowace shekara mahaifina kan aiko mini da buhun baba, ganyen da ake rini da shi, ta hannun fatake. Masaƙa su kawo farin zare, in mayar musu shuɗi. Duk mai wannan sana'a ya sani, hannu ba ya fita. Nawa daga yatsu har wuyan hannu baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, ko da toka na dirje shi. Da farko abin wasa ne a bakin ido. Mata su ce, "Afuno, lallenki bai kama ja ba." Ni kuma in ce nasu ne bai nuna ba. Mu yi dariya, kowa ta ɗauki tulunta.

Damunar da ta gabaci azumin nan ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, rafi ya ƙafe tun kafin sanyi ya wuce. Da azumi ya kama, rumbu ya riga ya yi ƙasa. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo da ruwan miyar kuka, wani lokaci sai farau-farau kawai. Da an sallame asuba in yi surfe tun rana ba ta fito ba, don in ta fito taɓarya ma zafi take yi. Daga nan sai ido. Kafin hantsi ya ɗaga ƙasa ta soma ƙona tafin ƙafa, kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, iska in ta taso kamar daga bakin murhu take. Da azahar ba mai motsi. Sai in jiƙa zane in lulluɓe Uwani, in kwanta kusa da randar da na binne rabinta a jiƙaƙƙen yashi, ina jin ƙanshin ruwa ba damar sha. Da la'asar a jiƙa tsamiya, a dama kunu tsararo don garin ya kai mu gobe.

Cikin haka ruwan idon namu ya sauya. Ido bai nuna komai ba, garau yake yadda aka san shi, amma in ka kai ƙwarya baki da magariba sai wani ƙarni ya riga ruwan isa maƙogwaro. Ƙishi ba ya barin mutum ya yi tambaya, muka yi ta sha. Sai yara suka fara zawo da amai, gida bayan gida. Uwani ta kwanta, idanunta suka faɗa. Ba a yi nisa ba aka yi rashi: ɗan Modu ya rasu, yaro mai fara tafiya. Modu kuwa ɗan Ya Kaltum ne, mai sayen fatu a Kasuwar Shanu, kuma yaron shi ne jikanta namiji na fari.

Bayan an share makoki na je ido da tuluna. Na tarar da mata sun taru, Ya Kaltum na zaune a kan saiwar tsamiya. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na miƙa hannu zan ɗauki ƙwarya, sai ta ce, "Ajiye."

Na ce, "Ya Kaltum, lafiya?"

Ta ce, "Tun kakannina ba a sa wa ruwan nan baƙin abu. Ke kullum da wannan hannu kike shiga. Mun yi shiru, ruwa bai yi shiru ba. Daga yau kada ƙafarki ta sake zuwa nan."

Na dubi matan da muke wasa da su, kowa ta sami abin kallo a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi kuka a gabansu ba. Na ɗora tuluna wayam a ka na juya.

Daga ranar sai wata rijiya mai nisa ta wajen gari. Hanya ta kan tudu take bi, ba inuwa ko ta tsuntsu. In goya Uwani, in tafi da sassafe, in dawo rana ta take, harshena kamar ɓawon itace. Ga kuma abin da ya ƙara dagula lamari: da Uwani ta koma shan ruwan rijiya sai ta warware, har ta fara neman abinci, alhali yaran maƙwabta suna kwance. Ni na ga dalili a fili. Su kuma wani dalilin suka gani. Aka fara cewa mayya ba ta cin nata. Wata rana Malam ya dawo daga masallaci ya zauna bai cire hula ba, ya ce Bulama, mai unguwarmu, ya ja shi gefe ya ba shi shawara cewa bayan Salla mu nemi wani wuri, don a zauna lafiya.

Na ce, "Da wannan sunan zan tashi? Ya bi ni, ya bi Uwani har ɗakin mijinta? Ba inda za ni."

Ya ce, "Dije, baƙo ba ya ja da 'yan gari."

Na ce, "Ba da su nake ja ba. Ruwa ba ya tsami banza, Malam."

Ina da abin da nake taunawa a raina. A ɗaya gefen tudun, inda hanyar rijiya ta ratsa, akwai tsofaffin ramuka. Zamanin yaƙin Turawa aka haƙa su, aka kwashi tsakuwa aka kai filin jirgi, aka tafi aka bar su. Babban cikinsu yana da zurfi, ba ya rabuwa da ruwa ko da bazara. Ranar farko da na wuce ta wurin na toshe hanci. Rana ta biyu na tsaya, domin hancina ya gane warin: shi ne ƙarnin da ke cikin ƙwaryarmu, sai dai a nan ya girma. Na leƙa. Fatun shanu ne jiƙe a ciki, an danne su da duwatsu, ruwan ya yi kore, ƙudaje sun rufe tarin tumbi da nama da aka kankare a gefe. A da can ƙasan rafi masu fatu suke jiƙa kayansu. Da rafi ya ƙafe da wuri suka dawo nan.

Na gaya wa Malam abin da na gani. Ashe shi ma yana saurayi ya yi lebura a ramukan. Ya ce tsakuwar ba a shimfiɗe take ko'ina ba, jijiya ce ta bi ta ƙarƙashin tudu, su kuma suka bi ta suna rarake ƙasa kamar gafiya, har ranar da rufin ya rufta aka hana su shiga.

Na ce, "Ta wane gefe jijiyar ta nufa?"

Ya nuna da haɓa. Wajen tsamiya ne.

Na ce, "To me muke jira?"

Ya ce, "Kin san fatun wa ne a ciki? Na Modu ne. Mutumin da ƙasar kabarin ɗansa ba ta bushe ba. Da wane baki za ki faɗa masa? Kuma wa zai yarda ruwa ya ratsa tudu guda?"

Gaskiyarsa ce, baki ba zai yi ba. Shi ya sa na ce ba ni zan faɗa ba, baba zai faɗa. Tun ina yarinya na san ruwan ɗauraya kan yi kamar ya washe, amma ka bar farin zare a ciki ka dawo ka ga ya ɗauka. Na matsa wa Malam har ya kai maganar gaban Bulama: zan zuba rinina a rami a gaban kowa, a ɗaura farin ƙyalle a bakin ido. In ƙyalle ya fito fari, ba sai an jira Salla ba, za mu naɗe tabarmarmu. Bulama ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin an yi shari'a da tudu ba, amma ya yarda. Ya Kaltum ta aiko da nata sharaɗin: ƙyallen nata ne, ita za ta ɗaura, ita za ta yi gadi, ni kuwa ko inuwata kada ta kusanci tsamiya. Na ce na ji, hakan ma ya fi mini.

Buhun baban da ya kamata ya kai ni shekara, gaba ɗaya na juye. Tukunyata ba ta isa ba, na haɗa da randar gida da wata tsohuwar tukunyar dahuwa. Ba wadda ta ara mini ko kasko. Ruwan haɗin ma daga rijiyar nan mai nisa na yi ta jido shi, sawu bayan sawu, da azumi a bakina. Na zuba toka, na yi ta motsawa safe da yamma, ina jiran ya nuna. Malam ya ga abin ba na wasa ba ne, ya bar lambunsa ya karɓi tulu. Da kumfa ta taso da ƙyallin nan mai ja-ja, na san rini ya yi.

Da hantsi muka kai bakin rami, jama'a na biye, yawancinsu kallon mahaukaciya suka zo. Malam ya nuna inda tsohon kogon ya rufta. Na jefa ƙaiƙayi a kan ruwan, muka ga yana tafiya a hankali yana taruwa a wurin. Nan na sa aka juye. Ina kallon arzikina na shekara yana narkewa cikin ruɓaɓɓen ruwa, sai na ɗaure fuska. Modu na tsaye can gefe ya harɗe hannu. Ya ce, "Afuno, in kin gama ki biya ni fatuna da kika ɓata." Na ce, "In sha Allahu."

Washegari ƙyalle fari. Wanshekare ma fari. Yara suka samo waƙa suna bina da ita a hanyar rijiya. Zafi ya ƙaru, hadari ya riƙa haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa ba ko ɗigo. Malam ya fara ɗaure kayan lambunsa a ɓoye, yana tsammani ban gani ba. Ni ma in na kwanta da azahar sai zuciya ta ce mini, in yashi ya shanye shuɗin fa? In jijiyar ta karkata wani wuri fa? Amma ban kwance ko igiyar shanya ba. Na ce sai an zo an ce mini tashi.

Ana cikin goman ƙarshe, wata safiya ina surfe, sai ga matar Modu a bakin zana. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Ya Kaltum na kira."

Na tarar unguwa duka a gindin tsamiya. Aka buɗa mini hanya. Ya Kaltum na tsaye riƙe da ƙyallen da hannu biyu, ruwa na ɗiga. Ba shuɗi ne mai duhu ba, ɗan shuɗi-shuɗi ne, amma a tsakiya, daidai inda ruwa ke bugunsa, ya kama sosai, ba mai ido da zai ce fari ne. Wata mata daga baya ta ce, "Ga shi nan, yanzu kam ta rina mana ruwa!" Ya Kaltum ba ta ko waiwaya ba, ta ce, "Rufe mana baki. Ni na kwana na wuni a nan. Yarinyar nan ba ta zo ba. Ta ƙasa ya zo."

Sai ta juya wajen ɗanta. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Modu, ka san ƙyallen nan? Ragowar likkafanin ɗanka ne."

Modu ya dubi ƙyalle, ya dubi tudu, ya zauna a ƙasa ya rufe kansa da riga. Na daɗe ina tanadin abin da zan faɗa a wannan rana, kalma kan kalma, ina maimaitawa a hanyar rijiya. Ko ɗaya ba ta fito ba. Na so in yi murna ta ƙi zuwa. Tausayi ne ya kama ni, har na ji kunyar tsayuwata a wurin.

Bulama ya sa aka yi gayya a ranar. Maza suka shiga ramin suka jawo fatu da ƙugiya, aka kai su nesa, aka binne ƙazantar. Daga nan sai cikewa. Ba mota, ba komai, sai kwando da ƙwarya da buhu a bayan jaki. Mu fito bayan asuba mu yi ta jidar yashi har rana ta kore mu, mu dawo da la'asar leɓe a tsage. Tsofaffi suna cika kwanduna, mu muna ɗauka. Ba mai waƙar gayya, ba yawun yin ta. Modu kaɗai ne ba ya tashi da azahar. Kai ba hula, yana zuba ƙasa a bakin kogon nan yana dannawa da ƙafa, har sai da Malam ya je ya riƙe masa kwando ya ce, "Ya isa, Modu, jikinka ma yana da hakki." Da magariba kowane gida ya kawo ɗan abin da yake da shi bakin rami, aka sha ruwa tare. Ranar ce na fara cin burabuskon wata a unguwar tun da aka kore ni.

Ramin ya cike kafin Salla, amma ƙarnin bai bar ido nan da nan ba. Bulama ya hana sha. Sai ga matan unguwa duka a bayana kowace safiya, tulu a ka, ni ce jagorar hanyar rijiya. Wasu suka ba ni haƙuri, wasu suka wayance da tambayar lafiyar Uwani, na karɓi duka. Yara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ya Kaltum dai ba ta ce mini komai ba. In mun haɗu ta amsa gaisuwa, shi ke nan. Ban riƙe ta ba, na san abin da take ɗauke da shi ya fi nawa nauyi.

Yau in kin je wurin, Ummi, ba tsamiya ba tudu, gidaje ne da shaguna, ni kaina sai an nuna mini. Hannuna ma ya daɗe da washewa, tun da na bar rini. Amma ranar da aka buɗe idon nan tana nan a gabana.

Bayan ruwan sama ya sauka sosai, ƙasa ta sha, maza suka yashe ido suka zuba sabon yashi. Aka bar shi ya kwanta. Da safe mata suka taru da wankakkun ƙore, ana jiran Ya Kaltum ta fara ɗiba yadda aka saba. Ni ina can baya da Uwani a goye, hannuwana cikin mayafi. Tsohuwar ta durƙusa, ta sunsuni ruwan, ta daɗe a haka. Sai ta ɗago ta ce, "Ina Dije?"

Ban ma san ta san sunana ba. Na matso. Ta ce, "Fito da hannun." Na fito da shi, baƙi ƙirin yadda yake. Ta ɗora mini ƙwaryarta a kai. Na ce, "Ya Kaltum, ke ce babba." Ba ta saurare ni ba. Ta kama wuyan hannuna, ta tura shi cikin ruwan har gwiwar hannu, ta riƙe shi a can kowa na gani.

Ta ce, "Ɗebo, 'yata. Ni zan sha."